Tafkin da Ke Sauka a Kanmu Duk Hunturu

Duk shekara, da zarar an kammala girbi iska ta juyo daga arewa maso gabas, mu mazauna Njamena da Kuseri da garuruwan gaɓar tafki mun san abin da zai biyo baya. Rana ta dusashe ta koma kamar faifan azurfa, leɓe ya tsage, uwargida ta share tsakar gida da hantsi, kafin la'asar farar ƙura ta sake lulluɓe shi. Hazo muke ce masa, mu ja rawani ko mayafi mu rufe hanci mu shiga harkokinmu. Da wuya ka ji wani ya tambayi abin da ya sa ƙurar take fari fat, mai laushi kamar garin alkama, alhali rairayin hamada da muka sani ja ne mai kaushi. Dalilin shi ne, kaso mai yawa na wannan ƙura lakar gindin wani tafki ce da ya ƙafe, tafkin da a zamaninsa ya shanye filin da birnin Njamena yake a kai yau.

Tarihin da muka gada daga bakin kakanninmu, waɗanda suka iso ƙasar nan a ƙafa kan hanyar Makka, ko suka biyo fataucin kanwa da banda, bai wuce 'yan ɗaruruwan shekaru ba. Jerin sarakunan Kanem da Barno ya fi shi nisa, yana kai mu wajen shekara 1,000 baya. Daga nan kuma baki ya yi shiru, takarda ta ƙare. Abin da ya rage shi ne laka da rairayi da duwatsun da suka kwanta shimfiɗa bisa shimfiɗa, da masanan da suka koyi yi musu tambaya.

A arewacin Chadi, kudu maso yammacin Faya, akwai wani kwari da ake kira Bodele. Nan ne wuri mafi gangare a duk kwarin Chadi, domin ya fi saman tafkin yanzu yin ƙasa da fiye da mita 100. Wanda ya tsaya a cikinsa, farin fili yake gani iyakar ganinsa, ƙasa mai kama da alli, marar nauyi, da ake iya murje ta da yatsa. A ƙarƙashin madubin ƙara girma sai a ga ashe tarin ɓawo ne na wasu ƙananan tsirran ruwa da masana ke kira diyatom, waɗanda ido ba ya gani, kowanne da gidansa na sinadarin gilashi. Suna rayuwa a saman ruwa, in sun mutu ɓawon ya nutse ƙasa. Dubban shekaru ana wannan zuba har ya taru ya yi kaurin mitoci. Iskar hunturu kuwa, idan ta matso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, takan ƙara ƙarfi kamar ruwan da aka matse wa bakin tiyo, ta faɗa wa wannan fili ta kwashe shi. Babu wani wuri guda a duniya da ya kai Bodele tayar da ƙura, kuma yana yin haka kusan kwana 100 a shekara.

Mutanen wurin, Gorane da Larabawan da ke kiwon raƙuma, sun daɗe da sanin cewa akwai ƙashin kifi a tsakiyar hamada. Baturen Jamus Gustav Nachtigal, da ya ratsa ta can zuwa Borku a 1871, shi ma ya gan su ya rubuta. Tun kafin shi, a 1832, Charles Darwin ya tara ƙurar da ta sauka a kan jirgin ruwansu kusa da tsibiran Kef Bad, nesa da gaɓar Afirka, kuma da aka duba irin wannan ƙura a Jamus sai aka sami ɓawon halittun ruwan daɗi a ciki. Abin ya ɗaure wa mutanen wancan zamani kai: me ya kawo halittar tabki cikin ƙurar hamada, a tsakiyar teku?

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san yadda ake karanta wannan laka, don kada a ɗauka shaci-faɗi ne. Abu na farko sauƙi gare shi: abin da ke ƙasa ya riga na sama kwanciya. Na biyu, kowane irin diyatom da ruwan da yake so, wani sai ruwan daɗi mai zurfi, wani sai kududdufi mai gishiri, saboda haka ganin irin da ya fi yawa a shimfiɗa ya isa a san halin ruwan lokacin. Na uku ya fi dabara. Sinadarin oksijin da ke cikin ruwa iri biyu ne ake lura da su, mai sauƙi da ake wa lamba 16 da mai nauyi da ake wa lamba 18. Idan rana ta bugi tafki, ruwan da ke ɗauke da mai sauƙin shi ke fara tashi, mai nauyin ya yi ta taruwa a abin da ya saura, kamar yadda gishiri ke ƙara fitowa a miyar da aka bari a kan wuta ta tsotse. Katantanwa da sauran ƙananan halittu masu ƙwanso suna gina ƙwansonsu da abin da ke cikin ruwan da suke ciki. Ƙwanson da aka samu da yawan oksijin mai nauyi, mai shi ya rayu ne a zamanin da tsotsewa ta fi zuba. Wanda aka samu da mai sauƙi, zamanin damina mai albarka ya gani.

Sai batun shekaru. Duk mai rai yana ɗauke da wani nau'in kabon mai lamba 14, wanda daga ranar mutuwa yake fara raguwa, rabinsa na ɓacewa a duk shekara 5,730. Da auna abin da ya saura a itace ko ƙwanso ko gawayi ake ƙiyasta lokacin mutuwarsa. Rairayi ma yana da nasa agogon: ƙwayar da aka binne takan riƙa tara wani ƙarfi daga ƙasar da ke kewaye da ita, hasken rana kuma yana goge shi. Don haka masana ke ɗebo rairayi cikin bututu ba tare da ya ga haske ba, su kai ɗaki mai duhu su auna tun yaushe rabonsa da rana. Kowace hanya tana da kuskurenta. Kabon na ƙwanso, alal misali, yakan nuna tsufa fiye da gaskiya idan ruwan ya ratso ta cikin tsohon dutse. Shi ya sa ba a yarda da shaida guda sai wata ta mara mata baya.

To, ga abin da shaidun suka haɗu a kai. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da Amurka, ƙasarmu ta sha fari irin wanda babu mahaluƙin da ke raye ya taɓa gani. Tafkin ya ƙafe ko ya kusa, hamada ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita, iska ta jera tuddan rairayi a Kanem da ƙasar Manga har cikin ƙasar Hausa. Masanan Faransa da suka yi aiki a nan, irin su Michel Servant, sun laƙaba wa wannan zamani sunan Kanem saboda tuddan nan. Tsibiran da ke gabashin tafki, inda Buduma ke kiwon shanunsu masu manyan ƙahoni, kawunan waɗancan tuddai ne da ruwa ya dawo ya kewaye. Sanyin zamanin ma ya bar alama. Ruwan da rijiyoyin burtsatse masu zurfi ke fitarwa a Barno tsohon ruwan sama ne da ya nutse tun dubban shekaru, kuma da yake ruwan sanyi ya fi na zafi riƙe iska a cikinsa, an auna iskar da ta narke a ciki aka gano cewa ƙasar ta fi yanzu sanyi da wajen digiri 6 a lokacin.

Daga nan sai al'amari ya juya. Wajen shekara 11,000 da suka wuce damina ta kankama sosai, ta riƙa kaiwa har tsakiyar Sahara. Koguna suka gangaro daga Tibesti, Shari da Logon suka cika suka batse, ruwa ya bi ta Bahar Gazal ya cika Bodele, tafkunan biyu suka haɗe suka zama ɗaya. A lokacin da ya kai maƙura faɗinsa ya yi kusan murabba'in kilomita 350,000, wato ya yi kafaɗa da kafaɗa da Tekun Kasfiyan, tafki mafi girma a duniya a yau. Samansa ya tsaya a wajen mita 325 bisa teku. Njamena kuwa ba ta kai mita 300 ba. Mai karatu ya yi lissafin da kansa: inda muke cin kasuwa yau, ruwa ne mai zurfin da ya fi tsawon bishiyar giginya. A Bodele zurfin ya haura mita 150. Da ruwa ya yi yawa sai ya sami mafita ta Mayo Kebbi ya zuba a Binuwai, daga nan zuwa Kwara har teku.

Gaɓarsa tana nan ba ta ɓace ba. Dogon tudun rairayin da ya bi ta Maiduguri da Bama, ya tsallaka Kamaru ta Limani har Yaguwa, bakin ruwan ne na wancan zamani. A gindin duwatsun Hajar Hamis, arewa da Njamena, akwai tsakuwar da igiyar ruwa ta mulmula. Duk da haka, a shekarun 1980 an sami masana a Faransa da suka ce babu wani babban tafki, motsin ƙasa ne ya tayar da tuddan. Gardamar ba ta mutu ba sai bayan shekarar 2000, da wani kumbon Amurka ya auna tsawon doron ƙasa daga sama, aka ga tuddan sun zagaye kwarin a tsayi guda kamar zoben datti a cikin kwano. Ruwa ne kaɗai ke yin irin wannan daidaito.

Mutane sun ga tafkin nan da idonsu. A 1987 wani makiyayi Bafillace yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da itace a zurfin wajen mita 5. Da masana daga Maiduguri da Farankfot suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon fiye da mita 8, an sassaƙa shi da gwaninta daga itace guda. Kabon ya ba shi shekara 8,000 ko fiye, babu jirgin da aka samu a Afirka da ya girme shi. A Gobero kuma, cikin Tenere ta Nijar, inda yau ko ciyawa babu, masu neman ƙashin dabbobin dā sun faɗa kan maƙabarta mai kaburbura wajen 200 a shekarar 2000, tare da ƙugiya da mashin kamun kifi na ƙashi, da ƙasusuwan giwan ruwa da dorina da kada.

Me ya kawo ruwan, me ya janye shi? Duniya tana yin wani layi a kan gindinta kamar katantanwar da yara ke murzawa, zagaye guda na cin wajen shekara 21,000. Wannan layi ke sauya lokacin shekarar da muka fi kusa da rana. Shekara 10,000 baya, kusancin ya faɗo ne a bazarar arewacin duniya, Sahara ta ƙara zafi, zafin kuma ya jawo iska mai laima daga Tekun Atilantika da ƙarfi. Ciyawa da tabkuna da suka biyo baya su ma suka ƙara jawo hadari. Da zagayen ya wuce, abin ya warware.

Yadda ya warware ɗin nan ne masana suka rabu, kuma a ganinmu nan ne labarin ya fi shafar mu. A shekarar 2000 Peter deMenocal da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon lakar da aka haƙo daga gindin teku daura da gaɓar Muritaniya. Sun auna yawan ƙurar Sahara a kowace shimfiɗa, suka ga ta ragu ƙwarai a zamanin damshi, sannan wajen shekara 5,500 baya ta dawo da ƙarfi cikin 'yan ɗaruruwan shekaru ko ƙasa da haka. Fassararsu ita ce hamada ta dawo ne bagatatan. Shekara 8 bayan haka, Stefan Kröpelin na jami'ar Kolon ya zo da wata shaida daga ƙasarmu. Tafkin Yowa da ke Unianga, can arewa, ƙarami ne mai gishiri, zurfinsa wajen mita 25, tsohon ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ciyar da shi, shi ya sa bai taɓa ƙafewa ba duk da rana na shanye kusan mita 6 daga samansa kowace shekara. A gindinsa laka na kwanciya sirara-sirara, mai haske da mai duhu, biyu a shekara, har ana iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Shekara 6,000 aka ƙirga a haƙon farko. Garin furen tsirrai da ke ciki ya nuna bishiyoyi sun riƙa janyewa sannu a hankali, ciyawa ta bi bayansu, jar ƙura ta fara yawa wajen shekara 4,300 baya, ruwan tafkin ya koma na gishiri tsakanin 4,200 da 3,900, hamada irin ta yau kuma ba ta kafu sosai ba sai wajen 2,700. A 2015 wasu masanan Ingila suka auna rairayin tsofaffin gaɓoɓin babban tafkin, suka ce shi kam wajen shekara 5,000 baya ya faɗi da sauri, amma Bodele ba ta bushe ƙarƙaf ba sai kimanin shekara 1,000 da suka wuce.

Mu dai ba mu ga saɓanin da ya kai a ce wani ya yi ƙarya ba. Kowa abin da ke gabansa ya auna. Ciyayi na iya janyewa a hankali, tafki kuma ya faɗi da sauri, domin tafki mai faɗi marar mafita ba ya jure ƙaramin giɓi tsakanin abin da ke shiga da abin da rana ke ɗauka. Abin lura shi ne adadin nan na ƙarshe. Idan ya tabbata, to lokacin da gidan Saifawa ke kafa mulki a Kanem akwai sauran ruwa a Bodele, kuma hazon da muke ɗauka tun fil azal yake, a irin ƙarfinsa na yanzu, bai girmi daular Kanem ba.

Ruwan da ya janye bai tafi hannu rabbana ba. Ya bar baƙar laka mai tsagewa da rani, wadda Barebari ke kira firki. A gefenta mutanen Gajiganna suka sauka da shanunsu wajen shekara 3,800 baya, a kanta aka tayar da tuddan garuruwan da ake danganta wa Sau, irin su Daima, kuma a kanta har gobe ake dasa masakwa bayan damina, dawar da ba ta buƙatar ko ɗigon ruwan sama saboda lakar ta riƙe mata laima. Ya kuma bar mana kanwa. Tafkin Chadi ba shi da mafita zuwa teku, amma ruwansa na daɗi ne, domin yana tsiyaya ta cikin rairayin arewa maso gabas ɗauke da gishirinsa, ya ɓullo a kwaruruwan da ke tsakanin tuddan Kanem, rana ta tsotse shi ta bar ungurnu. Falalen da Buduma suka riƙa tsallakawa da su a jiragen ciyawa, fatakenmu suka ɗora wa jakuna zuwa Kano da gaba, daga nan suke. A irin waɗannan kwaruruwa ne aka gano wani ma'adani da duniya ba ta san shi ba, aka sa masa suna kanemait a 1972.

Ba za mu wuce ba tare da ambaton Jurab ba, ko da a taƙaice. A can ne a watan Yulin 2001 Ahounta Djimdoumalbaye, ɗan ƙasar nan, ya tsinci ƙoƙon kan da aka sa wa suna Tumai. Matsayin wannan halitta magana ce ta wata rana. Abin da ya shafe mu shi ne dutsen da aka same ta a ciki: da sinadarin beriliyam aka auna shi aka sami shekara miliyan 7, kuma cike yake da kifi da kada da dangin dorina, a kan tsofaffin tuddan rairayi da suka daskare suka zama dutse. Wato tun a wancan nisan zamani tafki da hamada suke karɓa-karɓa a wannan kwari. A Koro Toro ma, kabon da ke cikin haƙoran wata halitta mai shekara fiye da miliyan 3 ya nuna abincinta ciyayi ne da dangin aya, irin tsirran bakin fadama.

Ƙananan juye-juye kuwa ba su taɓa tsayawa ba. Jean Maley, wanda ya yi nazarin lakar tafkin na yanzu, ya nuna cewa a tsakiyar ƙarni na 15 ya yi mummunar ƙafewa, a ƙarni na 17 kuma ya cika har ya malala cikin Bahar Gazal. Jean Tilho ya tarar da ɓangaren arewa a bushe a 1908. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 ya rabe biyu, a shekarun 1980 ruwan da ke fili ya gaza 2,000. Daga waɗannan adadi biyu na ƙarshe aka samo zancen da ake maimaitawa a kowane taro, cewa tafkin ya rasa kashi 90 cikin 100, kuma da shi ake kafa hujjar shirin Transaqua na haƙo mashigi mai tsawon kilomita 2,400 daga kwarin Kwango. Zancen yana da gaskiya a lissafi, sai dai ya ɗauki shekarar cika ya mai da ita ma'auni, ya ɗauki shekarar fari ya mai da ita ƙarshen labari. Binciken tauraron ɗan'adam da aka wallafa a 2020 ya nuna tun shekarun 1990 ruwan ba raguwa yake ba. Mu da muka ga ambaliyar 2022 da ta 2024 a unguwannin Njamena ba ma buƙatar a gaya mana.

Kada kuma wani ya fake da wannan tarihi ya ce ɗumamar yanayi ta yau ba komai ba ce tunda dā ma ana yi. Layin duniya dubban shekaru yake ɗauka, hayaƙin masana'antu kuwa cikin ƙarni biyu ya yi nasa aikin, kuma mutanen Gobero da ruwa ya ƙafe musu tattara kayansu suka yi suka bi shi, babu iyakar ƙasa ko shingen soja a gabansu. Masuncinmu na Darak ko manomin Bol ba shi da wannan sarari. Abin da ya fi cutar da shi shi ne rashin sanin inda bakin ruwa zai tsaya baɗi, da rashin tsaron da ya hana shi bin ruwan kamar yadda iyayensa suka saba, su yi su idan ya cika, su yi noma a gindinsa idan ya janye.

Ita kuwa lakar Bodele tafiyarta take yi. Wadda ba ta sauka a tsakar gidajenmu ko a gonakin Kano ba, takan haye Atilantika. Masanan hukumar NASA sun ƙiyasta a 2015 cewa wajen tan miliyan 27 na ƙurar Sahara ke sauka a dajin Amazon kowace shekara, ɗauke da kusan tan 22,000 na fosfaras, sinadarin takin da ruwan sama ke wanke wa dajin. Ana gardama kan yawan kason Bodele a ciki, binciken baya-bayan nan ma ya rage shi. Amma da aka duba ƙurar kwarin da kyau an gano cewa wani ɓangare na fosfaras ɗinta daga niƙaƙƙen ƙashi da ɓawon kifi yake. Iska na ci gaba da kankare filin shekara bayan shekara, har a wurare da dama farar shimfiɗar ta ƙare, tsohon rairayin da ke ƙarƙashinta ya fito fili.